Motar da aka tarar a bayan gida ba tambari: yadda ake bin zuriyarta

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na karanta shi sau biyu. Allah ya jiƙan kakanka, ya kyauta namu zuwan. Ka ce da kuka zo gyaran gidansa na Birni a Damagaram, kun yaye tsofaffin zana da buhuna a lungun da ake ɗaure awaki, sai ga wata ƴar ƙaramar mota wadda tun da ka yi wayo ba ka taɓa ganin ta motsa ba. Ba tambari a gaba, ba suna a baya. Jikinta shafaffe, kusurwa-kusurwa kamar akwati, sandar giya daga cikin allon gaba ta fito, kowace ƙafa noti uku, kuma da ka ɗaga bonet ka nemi lagireto ka rasa. Ƴan gwangwan sun riga sun zo sun taya. Tambayarka ita ce: Baba, wace mota ce wannan, yaya ake gane irin waɗannan motoci da ba a san su ba, kuma in sayar ko in bari?

Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce mai gaggawa. Kada ka sayar yanzu. Mai gwangwan kilo yake saye, kuma irin motar da ka siffanta ba ta kai kilo 700 ba ko da sabuwa ce. Abin da zai ba ka bai taka kara ya karya ba, kuma yini ɗaya ya ishe shi ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Shekara nawa ta yi a lungun nan tana jira? Wata ɗaya a kai ba zai cuce ta ba.

Abin da shekaru a gareji suka koya mini shi ne mota tana da asali kamar mutum. In baƙo ya sauka a Zango ba ka san fuskarsa ba, ai ba tsayawa kake kana kallon rigarsa ba. Tambayarsa kake ɗan wane ne, daga wane gari, su wa ya haɗa dangi da su, kuma kafin a sha ruwa sau biyu sai ka ga ashe ka san kawunsa. Motar da ba a sani ba ita ma haka take. Ƙera inji da gidan giya daga tushe aiki ne na maƙudan kuɗi, ƙananan kamfanoni ba sa iya shi. Sai su sayi inji da giya da burki a wurin manya, su ɗora nasu jikin a kai. Saboda haka rigar ce kawai baƙuwa. Cikin kuwa kusan kullum yana da dangi a garin, wani lokaci ma a garejin da ke bayan gidanku.

To mu bi zuriyar taka. Noti uku a ƙafa da giya a allon gaba sun kai mu Faransa, kuma sun bar mana gida biyu: Renault 4, wadda muke ce wa kat-el, da Citroën 2CV, de-shebo. Rashin lagireto ne ya raba gardama. Renault 4 injinta silinda huɗu ne mai sha ruwa. De-shebo kuwa silinda biyu gare ta, ɗaya na kwance dama ɗaya hagu, iska ke sanyaya su, da fanka a gaba cikin wani murfin ƙarfe. In kana son ƙarin shaida ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Za ka ga wani dogon gwangwani kwance a kowane gefen shasi, da sanduna suna fita daga bakinsa gaba da baya. A cikinsa sifirin yake, kuma shi ya haɗa ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya: in ta gaba ta hau tudu sai ta baya ta shirya tun kafin ta iso. Wannan dabara ce ta sa ƴar motar ke lilo kamar raƙumi amma ba ta kifewa da sauƙi, kuma ban san wata mota a waje da gidan Citroën mai irin wannan ƙafa ba. Ka kuma duba burkin gaba. Ba a jikin ƙafa yake ba, yana can ciki manne da gidan giya. In ka ga waɗannan biyun, to ka san uwarta.

Sai dai de-shebo ta ainihi jikinta zagaye ne, kai kuma ka ce akwati ka gani. Nan ne labarin ya yi daɗi, don daga 1948 da ta fito har zuwa 1990 da aka ƙera ta ƙarshe a Fotugal, wannan shasi ya goya jikuna iri-iri. Ka samo maganaɗisu, ko na tsohuwar sifikar rediyo ne, ka manna a ƙofa ko a gefen mota. In bai kama ba, kuma jikin yana da layi-layi kamar kwanon rufi, Méhari ce, wadda Citroën ta fitar a 1968 da jikin roba mai tauri. Sunan nata ma daga raƙumin hawa aka ɗauko shi, irin wanda Buzaye ke sukuwa a kai. In kuwa maganaɗisu ya kama, faranti ne aka lanƙwasa aka ɗaure da noti, to zuciyata ta fi karkata ga Baby Brousse, kuma in ita ce, ka riƙe abin da mutane da yawa a Turai ba su taɓa gani da ido ba.

Baby Brousse a Abijan aka haife ta, a 1963, a wata masana'antar ƙarfe da ake kira Ateliers et Forges de l'Ébrié. Wasu Faransawa biyu mazauna can suka ga inji da shasin Citroën sun dace da hanyoyin karkara, amma jikin yana buƙatar manyan injinan matse ƙarfe da babu su a Afirka ta Yamma. Sai suka zana jikin da ba ya buƙatar komai sai almakashin ƙarfe da na'urar lanƙwasa faranti da noti. Dabarar ta yi kyau har Citroën ta karɓe ta, ta bazu: a Biyetnam aka yi ta da sunan La Dalat, a Cile Yagán, a Girka Pony, an kuma yi irinta a Iran. Daga baya kamfanin ya fito da tasa da ya kira FAF, haruffan farko na kalmomin Faransanci masu nufin mai sauƙin ƙerawa, mai sauƙin biya, aka harhaɗa ta a wurare kamar Senegal da Gini Bisau. Ni dai a ganina wannan ita ce hanya mafi hankali da aka taɓa bi don yi wa ƙasashenmu mota, kuma abin yana mini ciwo da aka bar ta ta mutu. Mota ce da mai walda na Sabon Gari zai iya yi mata sabuwar ƙofa da safe, a shiga ta da yamma.

Akwai hanya ta uku, kada in ɓoye maka. Da yawa daga cikin de-shebo da ƙananan motocin kaya na gidan sun yi hatsari ko jikinsu ya ruɓe, masu waldarmu suka yi musu sabon jiki da hannunsu. Ana gane su da ɗinkin walda a inda na masana'anta ke da noti, da kuma gefe ɗaya da bai yi daidai da ɗaya ba in ka auna da igiya. In haka ta kasance, ba ta da farashin waccan a idon masu tara tsofaffin motoci, amma ni ba zan raina ta ba. Aikin hannun wani maƙerin garin nan ne, kuma babu irinta biyu a duniya.

Yanzu ga yadda ake tabbatarwa, kuma wannan ya shafi kowace mota, ba taka kaɗai ba. Tambari shi ne abu na farko da ke ɓacewa, yara na ɓalle shi, wani kuma ya manna na wata motar don ado. Abin da ba ya ƙarya shi ne ƴar farantin da kamfani ya kafe da ƙusa a ɗakin inji ko a kan shasi, da lambar da aka buga cikin ƙarfen shasin kansa. Ka wanke wurin da gazuwal da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kankare da takardar yashi, don rubutun ba shi da zurfi, kana gogawa yana tafiya. In ya dushe, shafa alli ko ka haska tocila daga gefe da dare, inuwar za ta fito da haruffan. A gidan Citroën, AZ de-shebo ce, AK motar kaya, AM ita ce Ami, AYCA kuma Méhari. Injin ma yana da tasa farantin a jikinsa, kuma ita za ta gaya maka girmansa, ko mai cc 425 ne ko 435 ko 602, wanda shi ne babba a gidan.

Motocin da aka yi daga 1981 zuwa yau sun fi sauƙi, domin lambar shasinsu harafi da lamba 17 ce, kuma ukun farko suna faɗin kamfani da ƙasa. VF1 Renault, VF3 Peugeot, VF7 Citroën, WDB Mercedes, WVW Volkswagen, SAL Land Rover, XTA Lada. Wadda ta fara da J daga Japan take, mai L kuma daga Sin. Ba a sa harafin I ko O ko Q a ciki, don kada su rikice da 1 da 0. In ka ga ɗayansu a lambar wata mota da ake son sayar maka, ka ja da baya, an taɓa lambar.

In faranti ta ɓace gaba ɗaya, sai a koma ga ƙananan shaidu, kuma nan ne nake jin daɗin aikin. Kowane kamfani da maƙwabtansa yake ciniki. Kafireta Solex, fitila Cibié ko Marchal, kayan wuta Ducellier ko Paris-Rhône, agogon gudu Jaeger, duk suna nuna Faransa. Lucas Ingila, Bosch Jamus, Magneti Marelli Italiya, Femsa Sipaniya. A kusurwar gilashi da kan fitila akwai ƴar da'ira mai harafin E da lamba: 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, 9 Sipaniya, 11 Ingila. Wannan lamba ƙasar da ta amince da kayan take nunawa, ba lalle inda aka ƙera shi ba, amma a tsofaffin motoci yawanci ɗaya ne. Ko ƙwan fitila yana magana: har zuwa 1993 dokar Faransa ruwan ɗorawa ta ce fitilar gaba ta kasance, saboda haka motar da ka tarar da ƙwai ruwan ɗorawa ta yi zama a can ko an yi ta don kasuwar can. Shaida ɗaya ba ta isa, domin ana canza kaya. Amma in biyar suka nuna gari ɗaya, can ne garin.

Za ka ce me ya kawo irin waɗannan motoci Damagaram. Ai garin nan mararraba ce tun zamanin ayari, kuma mota ta bi sawun raƙumi ne. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin mulkin Faransa a ƙasar nan kafin a mayar da shi Yamai. A ƙarshen 1924 wasu motocin Citroën takwas, masu taya a gaba da sarƙar roba a baya, waɗanda suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka ratsa ta nan suka nufi tafkin Cadi, tafiyar da ba ta ƙare ba sai a Madagaska a 1925. Ka ga ke nan tun ranar farko baƙin motoci ne suka buɗe mana ido. A ƙarshen 1959 kuma Berliet ta aiko manyan motoci tara masu ƙafa shida, waɗanda ake kira Gazelle, suka keta Tenere har Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, don a nuna cewa babbar mota za ta iya ɗaukar kaya ta hamada. Berliet ɗin nan na garin Lyon su ne suka yi dakon gyaɗar ƙasar nan shekara da shekaru. Tambarinsu kan jirgin ƙasa ne, in ka gan shi a gaban wata tsohuwar gingimari ka san ta. A 1978 aka haɗe su da Saviem suka koma manyan motocin Renault, masana'antarsu ta Rouiba kusa da Aljas kuma ta zama ta gwamnatin Aljeriya, ita ce ke yin Sonacome da SNVI da muke gani suna saukowa daga arewa. Wanda ya iya Berliet ba zai ɓata a cikin tsohuwar Sonacome ba.

Sannan a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sun riƙa sayen tsofaffin motoci a ƙasashensu, su tsallaka teku, su biyo ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar su hau jirgi su koma. Yawanci Peugeot 404 da 504 ne, amma duk abin da ya iya tsallake rairayi ya shigo. Ga na masu aikin rijiyoyi da na likitocin dabbobi da na ƴan mishan, kowace ƙungiya da motar ƙasarta, in aiki ya ƙare a yi gwanjo. Ga na soja. Ga kuma Kano a kudu, tafiyar ƴan sa'o'i ta Matamai ko ta Magariya. Da hanyar hamada ta rufe a farkon shekarun 1990 sai ciniki ya koma tashar Kwatano. Kowane zamani ya zubar da nasa a lungunan garin nan, kuma busasshiyar iskarmu ta adana su fiye da yadda damshin bakin teku zai yi.

Akwai ɗaya da har yau take mini zafi a rai. Wata shekara aka jawo mana wata 504 doguwa, mai tsayin ƙafa fiye da saura. Na ɗauka irin ɗagawar da ake yi ne a gareji don hanyar Tanut. Da na shiga ƙarƙashinta sai na ga sandar juyi tana tafiya gaba, ga ƙaramin gidan giya na biyu a tsakiya, ga ƙafafun gaba su ma suna ja. Dangel ce. Wani injiniya Henry Dangel ne, a garin Sentheim na gabashin Faransa, ya fara mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu tun daga 1980, da yardar Peugeot. Inji da jiki da kujeru duk na 504 ne da kowa ya sani, ƙasan ne kawai nasa. Haƙori ɗaya ya karye a wancan gidan giya na tsakiya. Mai ita ya yi ta nema a shagunan kayan Peugeot, kowa ya ce bai san shi ba, ya gaji. A lokacin ban san cewa kamfanin yana nan da rai ba, ana iya rubuta masa takarda, kuma ban yi tunanin kai haƙorin wurin masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano su fitar da irinsa ba. Aka cire injin aka sa a wata tasi, sauran aka sayar wa masu yanka. Ina tsaye aka sa mata wuta. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma tun daga ranar na ɗau alkawarin ba za a sake yanka baƙuwar mota a gabana ba sai na san ko ƴar wace ce.

Irinta suna da yawa, kuma kowace da inda asirinta yake. Akwai Land Rover da ba ta Ingila ba, Santana, wadda aka riƙa yi a Linares ta Sipaniya tun 1958. Na farkon kusan komai nasu ɗaya ne da na Ingila, amma bayan 1983 da suka raba gari sai kaya suka fara bambanta, kuma nan ne masu gyara ke shan wahala: kama da wane ba ta wane. Akwai UMM ta Fotugal, mai hanci kamar an sare shi da gatari, wadda asalinta Cournil ce ta Faransa. Mutane na tsoron ta don ba su san sunan ba, alhali injin gazuwal na Peugeot ne a cikinta, irin na 504 da 505. Akwai ACMAT ta soja daga Saint-Nazaire mai injin Perkins, wanda duk mai gyaran tarakta ya san shi. Daga kudu kuma akwai Volkswagen Igala da aka harhaɗa a Legas, wadda a Birazil sunanta Brasília. Jikinta daban, amma injin na baya mai sanyaya da iska ɗan gidan Volkswagen ɗin nan ce mai ƙusumbi da kowa ya sani.

Kada ka ɗauka wannan karatu na tsofaffin ƙarafa ne kawai. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 motocin Sin suka cika hanyar Tanut, da sunayen da ba mu taɓa ji ba. Ka ɗauki Howo. A farkon shekarun 1980 Sin ta sayi fasahar manyan motocin Steyr na Ostiriya, kuma injin WD615 da ke cikin Howo da yawa jikan wancan ne. Steyr ɗin nan kuwa ita ce ta yi masana'anta a Bauci. Ƙananan akori-kura na Sin da yawa injin fetur ɗinsu mai lamba 491 kwafin 4Y ne na Toyota, na gazuwal kuma kwafin 4JB1 na Isuzu. Sabuwar Toyota Starlet da ta fito a 2020 Suzuki Baleno ce da ake yi a Indiya aka canza mata tambari. Yaron garejin da ya san wannan zai samo kaya a Kasuwar Dole ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, wanda bai sani ba kuma ya ce wa mai mota babu. Shi ya sa in wani ya zo mini da sha'awar sayen motar da ba a saba gani ba, tambayata ɗaya ce: injin na wane ne? In ya amsa, mu ci gaba. In jiki da inji da na'urar lantarkin duk baƙi ne, kuma babu mai kawo kayanta a ƙasar, ina ba shi shawara ya haƙura, komai arharta.

Mu dawo kan taka. Abin da na fi jin tsoro shi ne abokanka su zo da batir su ce bari a gwada. Kada ka yarda. Injin da ya shekara ashirin ko talatin a tsaye, zoben fistin ya manne da bangon silinda, kana murza shi da ƙarfin batir zobe ya karye ya kankare bangon. Ka cire buji biyun, ka zuba gazuwal gauraye da ɗan man inji a kowane rami, ka bar shi mako guda. Sannan ka nemi hannun tayarwa, wato manibel, wanda ke shiga ta tsakiyar fanka, ka riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan gaba da baya. In ya ƙi, ƙara mai, ƙara mako. In ya juya, ka zubar da tsohon mai ka sa sabo, ka sauke tanki a wanke, ka canza duk bututun roba, don rana da zafi sun riga sun cinye su ko da ido bai nuna ba. Ka duba ko wutarta volt 6 ce ko 12 kafin ka haɗa kowane batir, domin tsofaffin gidan 6 ne.

Abu biyu kuma na wannan gida da ba kowane makanike ya sani ba. Na farko, injin ba shi da delko, wato abin da ke rarraba wa buji wuta. Kwayil ɗaya ce mai baki biyu tana ba buji biyun wuta lokaci guda, abin da ke yanke wutar kuma yana ɓoye a bayan fanka, sai an cire ta ake kai wa gare shi. Tun da ka cire fankar, ka wanke ƴar na'urar sanyaya mai da ke bayanta, ka kuma tsefe tsakanin haƙarƙarin silinda. Zanzaro na son gina ɗakinsa a nan, ɓera na tara tsumma, kuma injin da iska ke sanyayawa in hanyar iskar ta toshe, a zafin watan Afrilu ba zai kai ka Mirriya ba. Na biyu shi ne man burki. Waɗanda burkinsu na gaba ganga ne suna shan man burki na kowa. Na baya-bayan nan masu faifai kuwa wani koren mai suke sha da ake kira LHM, kuma in ka zuba musu na kowa duk robobin ciki za su kumbura su lalace. Ka duba launin abin da ya rage a kofin kafin ka zuba komai.

Inda zan fi sa ido shi ne shasi, musamman da ka ce wurin awaki ne. Fitsarin dabba da taki suna cin ƙarfe fiye da ruwan sama. Shasin gidan nan kamar faffaɗan akwati ne na siririn faranti, kuma daidai bayan ƙafafun gaba yake fara ruɓewa ya lanƙwashe. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma tun daga gaba har baya, ka saurara. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake, ruɓaɓɓe kuwa amsawa yake kamar kwali. Ko ya ruɓe ba ƙarshen magana ba ne, domin har yau ana ƙera sabbin kayan wannan gida a Faransa, har da shasi sukutum. Akwai wani kamfani a Cassis kusa da Marseille da wannan ne aikinsa. Sai dai kuɗin kawowa ba kaɗan ba ne, kuma gara ka san haka tun yanzu. Ba na so ka shiga da zaton za ka yi arziki. Fitar da tsohuwar mota zuwa waje yana buƙatar takardu cikakku da mai saye na gaskiya, kuma sau da yawa abin da za a kashe ya fi abin da za a samu. In za ka tashe ta, ka tashe ta don ta kakanka ce, kuma don ƴan bayanka su ga irin abin da aka taɓa ƙerawa a wannan yanki namu.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka tuna dukiyar gado ce. Ka zauna da mahaifinka da baffanninka da gwaggwanninka, a yi mata kuɗi a gaban kowa, in kai za ka riƙe a san a rabon wa ta faɗa. Na ga zumunci ya ɓaci a kan motar da ba wanda ya kula da ita sai da ta tashi. Ka kuma roƙe su su buɗe akwatin takardun marigayi. Kart giris, wato takardar rajistar mota, in ta fito ta gama mana rabin aiki, don tana ɗauke da sunan kamfani da nau'i da lambar shasi da shekarar da aka fara hawa. Ko tsohon rasit na duwan ko na inshora yana da amfani. Ka tambayi tsofaffin unguwa ma, musamman waɗanda suka yi tuƙi ko karen mota a zamaninsa, wani zai tuna daga hannun wa ya saye ta da sunan da ake kiran ta.

Ka ɗauko mini hoto shida: gaba, baya, gefe, ɗakin inji, ƙarƙashi ta wajen dogon gwangwanin nan, da farantin lamba bayan ka wanke ta. Ka gwada maganaɗisun ka gaya mini ko ya kama. Ranar Alhamis bayan la'asar, in an rage cunkoson kasuwa, zan iya biyowa ta Birni in gan ta da idona, in Allah ya kai mu. Ka tanadi gazuwal lita ɗaya da tocila, ka kuma mayar mata da rufinta kafin nan, amma ka ɗaga ƙafafunta a kan bulo don ta bar ƙasa. Ka gaishe mini da mahaifinka.